Cinikin da Na Yi a Kan Marlis

A ɗakin taron ƙungiya muka ƙulla maganar, ni da Hubertus, da safiyar wata Asabar a farkon watan Yuni, muna jera bencina saboda bikin harbin tsuntsun katako da ya rage wata ɗaya. Ya bari sai da sauran suka fita shan taba, sannan ya saki gefen bencin da muke ɗauke da shi ba ko gargaɗi, saura kaɗan ya murƙushe mini yatsan ƙafa.

"Ottmar, kai kaɗai yake jin maganarka."

Na san wa yake nufi. Ƙanwarsa Marlis yake nufi, wadda har yau bakinsa ya kasa kiranta mace.

Na ce, "Ba ta jin maganar kowa, Kanar. Ni tuƙa ta kawai nake yi."

Kanar muke ce masa saboda shi ne shugaban ƙungiyar harbi ta ƙauyenmu, Wennloh, ko da yake bai taɓa kwana a bariki ba, inshora yake sayarwa. Kuma irin ta masu sayar da inshora ya shimfiɗa mini maganar, a hankali, yana kallon ƙasa. Bana mahaifiyarsu, Inna Walburga, take cika shekara sittin da zama sarauniyar biki, tun shekarar da marigayi babansu ya harbo tsuntsun. Ranar Lahadin biki za a ɗora ta a keken doki a zaga ƙauye da ita. Shekararta tamanin da takwas. Abin da yake so, a bar tsohuwa ta yi bikinta da 'ya'yanta maza biyu a bayan kekenta kamar yadda ta saba gani. Marlis ta ɗaga zuwanta ofishin rajista don sauya sunanta da jinsinta a takarda sai bayan biki, ta sake sa kayan ƙungiya sau ɗaya tak. Shi kuma zai maƙala mata lambar girma ta shekara arba'in a gaban kowa, bayan biki ya cire sunanta daga littafi shiru, ba sai an kai maganar babban taro mutum ɗari uku sun yi ta taunar ta ba. Dokar ƙungiyarmu maza kaɗai ta sani.

Na ce, "Ni fa, me zan samu?" Wasa nake yi.

Shi ba wasa yake ba. Ya ce, "Motarka da ke yini a ƙofar shagon Marlis, ban gan ta ba. Wanda ya ce ya gan ta kuma, ni zan rufe masa baki."

Na ba shi hannu. Ya ciro kwalbar giya daga bayan kantar ɗakin taron muka kora da ɗan kofi ɗai-ɗai, kamar yadda ake yi in an sayar da tarakta.

Masu karatu, shekara arba'in da ɗaya na yi ina tuƙa babbar mota tsakanin Lisbon da Warsaw. Na yi ciniki da 'yan kwastan da harsunan da ban iya ba, ba wanda ya taɓa yi mini wayo. Ina ɗan sha huɗu na bar makaranta, amma ina taƙama da cewa kafin mutum ya buɗe baki na karanta shi. Ranar nan na fita ina ganin na samo wa Marlis riba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa kayan da na sayar ba nawa ba ne.

Wanda yau ya fara bin labarin nan, bari in gaya masa wace ce Marlis. Kafinta ce, shekararta hamsin da takwas. Shagonta yana bayan gidan Inna, ita kuma tana zaune a saman shagon. Ita take sassaƙa gaggafar katakon da muke harbi duk shekara, bana shekara ashirin da biyu ke nan. Da aka haife ta namiji aka rubuta, da sunan namiji muka san ta, kafaɗa da kafaɗa muka yi ta maci da ita. Wancan sunan ba zan rubuta shi a nan ba, ta gaji da jin sa.

Shekara biyu da suka wuce motarta ta lalace, ta roƙe ni in kai ta birni wurin likita. A wani gidan mai na kan hanya ta shiga banɗaki da jakar leda, ta daɗe har na fara zaton cikinta ne ya ɓaci. Sai ga ta da koriyar doguwar riga da 'yan kunne. Ta buɗe ƙofar mota ta tsaya, ba ta shiga ba. Jira take in yi dariya ko in tafi in bar ta. Ni kuwa na ga abubuwa iri-iri a kan hanya, abin da ban taɓa gani ba shi ne fuskar nan a sake. Shekara arba'in ina zaton haka Allah ya yi ta da ɗaurarriyar fuska. Na ce, "Ki shigo ki ɗaura bel, za mu makara." Tun daga ranar nake kai ta duk Alhamis ta farkon wata, wurin likitan da ke ba ta maganin sauya jiki. Soyayya kuma ban san a wace Alhamis ta shigo motar ba. Matata ta bar ni shekara sha tara ke nan, ta bi wani likitan haƙori bakin teku, na ɗauka ni da wannan harka mun yi sallama.

Yanzu an sauƙaƙa dokar sauya suna da jinsi a ƙasarmu. Ba sauran zuwa gaban alƙali, ba sauran biyan likitoci biyu su yi ta tambayarka abin da kake mafarki. Ka je ofishin rajista, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, ka sanar da niyyarka. Ka jira wata uku, ka koma ka sa hannu, shi ke nan. Amma in wata shida ya cika ba ka koma ba, sanarwar ta mutu, sai ka sake daga farko. Marlis ta sanar ranar takwas ga Janairu. Afrilu ta zo, Inna ta kwanta ciwon ƙirji, Hubertus ya ce ba lokacin tayar mata da hankali ba ne. Mayu ta zo, aka yi wa jikansa baftisma, ya ce a bari hidima ta wuce. Marlis ta yi haƙuri sau biyu, ta karɓi ranar sha bakwai ga Yuni, ta zagaye ta da jan biro a kalandar kicin.

A gaban kalandar nan na same ta ranar Litinin. Kicin ɗinta ƙarami ne, labulen taga ita ta ɗinka da kanta, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta hana kowa magana a kai. Tana sanye da farar riga mai ɗigo-ɗigo shuɗi, furfurarta ta sauko kafaɗa, ta kama ta da ɗan ƙarfen gashi. Ta shafa jan farce, garin katako ya manne a kai tun bai bushe ba. Ta yanka mini kek ɗin tuffa, ta zuba kofi, ta zauna tana kallona ina ci, don ta san in ina da magana ci nake fara yi.

Ban ce mata mun yi ciniki ba. Na kawo maganar kamar daga kaina ta fito. Na yi zancen tsohuwa da keken doki, na yi zancen lambar girma, na ce mako uku ai ba komai ba ne ga wanda ya jira shekara hamsin.

Ta ce, "Wanda bai jira ba shi ke cewa haka."

Ta nuna kalandar da yatsa.

"Ka san ranar da takardar za ta mutu?"

Ban sani ba. Takwas ga Yuli, Talata. Biki kuwa yana farawa Asabar biyar ga wata, ya ƙare daren Litinin. Na ce to ai ga shi nan, ta karɓi Talata. Ta dube ni ta ce in ni nake ganin haka ya fi, za ta yi, don ni ban taɓa roƙonta komai ba. A gabana ta buga waya ofis. Matar da ta ɗauka ta duba ta ce Talatar ta cika da ɗaurin aure, gurbi ɗaya ya rage kafin wa'adi, Litinin bakwai ga wata, ƙarfe goma na safe. Ta kuma ja mata kunne da kyau kada ta bari ta wuce. Marlis ta karɓa, ta soke jan zagayen da ke kalanda, ta yi sabo.

Litinin ƙarfe goma kuwa ita ce ranar harbi. Lokacin ne mai sassaƙa tsuntsu yake ɗaura shi da hannunsa a kan sanda a ɗaga shi sama, cikin kayan ƙungiya.

Na koma wurin Hubertus a ofishinsa na gaya masa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce bayan biki muka yi magana, Litinin kuma biki ce. In takarda ta mutu a sake sanarwa, wata uku ne kawai.

Na ce, "Ka san ranar tun farko."

Ya gyara takardun gabansa. "Wasiƙar ofishin rajista tana kan teburin Inna tun Janairu, duk mai ido ya gani. Ottmar, tsohuwar nan da wuya ta ga ƙarshen sanyin bana. Mene ne na gaggawa?"

A nan na gane abin da na sa hannu a kai. Ba biki yake so ta jira ba, jana'iza yake so ta jira. In Oktoba ta zo zai samo wani dalilin, in Inna ta kai shekara ɗari zai samo dalilai har ɗari. Kuma ba zan ce muku mugu ne ba. Mutum ne da ya tashi ya ga ƙauye yana gaishe da gidansu, yana tsoron ranar da za a daina.

Abin da ya kamata in yi, in miƙe daga nan in je in gaya wa Marlis komai. Ban je ba. Na ce a raina zan lallaɓa shi, in Litinin ta zo in sulale da ita a mota mu dawo kafin a lura. Kun ga halin mai wayo, in ya faɗa rami sai ya ƙara tona wani a ciki.

A makonnin nan kullum da yamma sai ta turo mini hoton tsuntsun. Yau ta gama fikafikai, gobe ta sa masa kambi, jibi fenti. Ran nan ta rubuto: "Wannan shi ne na ƙarshe da zan yi musu. Na sa masa gam ɗin da zai sa su yi gumi." Na mayar mata da fuskar dariya. Wata rana kuma: "Na gwada kwat ɗin ƙungiya. Maɓallan ƙirji sun ƙi haɗuwa. Likita zai ji daɗi, Hubertus ba zai ji ba." Na karanta na yi dariya ni kaɗai a mota, sannan dariyar ta tsaya.

Ranar Lahadin biki rana ta fito sosai. Muka jeru a gaban coci, fararen wanduna, korayen kwat, hula mai gashin tsuntsu, kowa da bindigar katako da fure a bakinta. Marlis ta zo a makare. Ta tura gashinta cikin hula, ta goge farcenta, ta cire 'yan kunne, hujin kunnen yana nan ja. Ta ƙara wa kwat ɗin faɗi da hannunta. Ta shiga layi kusa da ni, fuskar nan ta koma yadda na san ta shekara arba'in. Wani daga baya ya ce ashe yau an bar siket a gida, Hubertus ya juyo ya kalle shi sau ɗaya, mutumin ya haɗiye sauran. A nan kam ya cika alkawarinsa.

'Yan badujala suka tashi, muka bi keken Inna. Tana zaune da shuɗiyar riga da ƙaramin kambin azurfa, tana ɗaga hannu kamar wadda aka haifa don wannan aiki. A ɗakin taro aka kira masu shekara arba'in. Lasifika ta faɗi tsohon sunan nan da ƙarfi, har sau biyu, don karo na farko ba ta motsa ba. Ta fita, yayanta ya maƙala mata lamba, aka tafa. Ta dawo ta zauna ta ɗauki cokali tana juya miyar wake ba ta sha.

Wajen ƙarfe huɗu, giya ta fara aiki, Hubertus ya zo teburinmu cike da jin daɗi ya dafa kafaɗunmu mu biyu. Ya ce mata gobe ƙarfe tara da rabi a ƙarƙashin sanda, kada a makara. Ta ce gobe tana da ofis, ya sani. Ya yi dariya ya ce wace ofis, ai an gama wannan maganar tun Yuni, shi da Ottmar, har hannu suka yi a kai, a ɗakin nan, ga wurin can.

Ya tafi abinsa. Bai ma san abin da ya fasa ba.

Marlis ta ajiye cokali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hannu kuka yi?"

"Marlis, bari in yi miki bayani."

"Me ya ba ka?"

Sai gaskiya ta fito. Na ce ya yi alkawarin ba wanda zai yi maganar motata a ƙofar shagonta.

Ta gyaɗa kai a hankali. "Wato kai ma kunya kake ji." Ta cire lambar daga ƙirjinta ta ajiye kusa da kwanon miyata, ta tashi ta fita ta ƙofar kicin.

Na tura mata saƙo biyar kafin rana ta faɗi. Na ce zan zo da mota ƙarfe tara in kai ta, ko Kanar ya so ko ya ƙi. Amsa ɗaya ta zo: "Akwai bas."

Da safiyar Litinin muna jere a bakin titi, sai ga ta ta fito daga gidansu. Rigar da ta ajiye don ranar ta sa, ruwan toka mai ɗamara, da takalmi mai ɗan tudu, da jakar hannu ta fata da ta saya a birni ta ɓoye tun Ista. Gashinta a sake. Tashar bas tana can ƙarshen layinmu, ba wata hanya sai ta gabanmu. Maza ɗari biyu da wani abu, da ganga da ƙaho, kowa ya yi tsit. Ta wuce ba sauri ba nawa, takalminta yana ƙwas-ƙwas a kan duwatsun titi. Da ta zo daidai yayanta ta ce, "Ina kwana, Yaya. Tsuntsun yana cikin shago, ƙofa a buɗe take." Ni ko kallona ba ta yi ba. Bas ɗin takwas da minti arba'in ta zo, ta shiga.

Mu muka ɗaura tsuntsun, a karkace ma. Aka fara harbi. Yadda ake yi, da farko kowa yana harbi don nishaɗi, a cire kambi, a cire fikafikai. In gangar jikin ta fara rawa sai masu hankali su ja baya su nemi giya, don wanda ya kayar da guntun ƙarshe shi ne sarki shekara guda, da duk hidimar da ke ciki. Masu so da gaske kaɗai suke ragewa, kuma duk wanda ya rage ya riga ya tambayi matar da za ta zama sarauniyarsa, ta riga ta sayi riga ta rataye. Wannan ko yaron goye ya sani a Wennloh. Ni shekara arba'in da shida ina cikin masu ja baya.

Wajen sha biyu saura na hango ta. Ta dawo, tana tsaye bayan igiya cikin mata, ta rungume jakarta a ƙirji da hannu biyu. Daga yadda ta riƙe jakar na san ta sa hannu. Sai wani tunani ya faɗo mini, irin wanda yake zuwa wa mutum in bai yi barci ba kuma ya sha biyu. Ta ce kunya nake ji. To bari in nuna mata, a gaban ƙauye duka.

Mu uku muka rage, ni da Ferdi mai gidan burodi da wani surukin Hubertus. Ferdi ya dube ni ya ce, "Tsoho, ka ɓata hanya ne? Layin giya yana can." Na ce ya kula da burodinsa. Gam ɗin Marlis ya sa mu gumi kamar yadda ta faɗa. A harbi na ɗari biyu da tamanin da bakwai guntun ya juya, ya yi lilo, ya faɗo. Nawa ne.

Aka ɗaga ni a kafaɗa, badujala ta tashi, hulata ta faɗi wani ya taka. Aka sauke ni a gaban Hubertus, ya rataya mini sarƙar sarauta mai nauyi, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya kawo lasifika bakinsa ya yi tambayar da ake yi duk shekara, sabon sarki wa ya zaɓa sarauniya.

Na karɓi lasifikar na ce, "Marlis."

Mai ganga ya tsaya da sanda a sama. Wasu mata biyu suka fara tafi suka ga su kaɗai ne, suka bari. Ni kuwa ina tsaye ina jin kaina kamar wani gwarzo.

Ta ɗaga igiya ta sunkuya ta shigo fili. Ta zo dab da ni, ta ture lasifikar gefe da yatsa don kada kowa ya ji, amma shirun da ke wurin ya isa na kusa su ji.

"Ka tambaye ni?"

"Na ɗauka za ki ji daɗi."

"Wancan karon ma ɗauka ka yi. Yau da safe wata mata da ba ta san ni ba ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata, kafin ta miƙo mini biro. Kai da ka san ni, ko sau ɗaya." Ta gyara mini sarƙar da ta karkace a wuyana. "A'a, Ottmar. Yau ranata ce, ba zan ara maka ita ka wanke kanka ba."

Ta juya. Hubertus ya sauke numfashi, har ya fara cewa a lasifika an samu ɗan kuskure. Sai aka ji ana buga sanda a ƙafar kujera. Inna Walburga ce, an zaunar da ita a inuwa a layin gaba. Ta yafito ɗanta, ya zo ya durƙusa, ya fara gaya mata kada ta damu, duk don a kare ta aka yi.

Ta ce, "A kare ni daga me? Tun Ista nake goge mata rigunan nan, kai kana ina? Ita ba ta iya guga ba, ta ƙona biyu." Ta waiwayo gare ni. "Kai kuma sarki, da ka zo ka tambaye ni da ban bari ta sa kwat ɗin jiya ba. Kun zauna ku biyu kun yanke abin da tsohuwa za ta iya ɗauka. Na binne miji da ɗa guda, riga ce za ta kashe ni?"

Sannan ta ɗaga murya daidai yadda tsohuwa za ta iya, ta ce, "Marlis, zo ki kai ni gida, rana ta yi mini yawa."

Ta zo ta kama hannunta suka tafi, tsohuwa tana tambayarta ko sun rubuta sunan daidai, da harafin i kaɗai ko da i da e.

Da yamma na yi faretin sarauta ni kaɗai. A tarihin ƙungiya ba a taɓa yi ba, aka duba littafi aka ga ba abin da ya hana. Na zaga ƙauye da sarƙa a wuya da furen sarauniya a hannuna, yara suna tambayar iyayensu ina matar. Da muka zo ƙofar gidan su Marlis labulen sama a sauke yake.

Ranar Laraba ina zaune a kicin da ciwon kai, waya ta yi ƙarar shigowar saƙo. Na ɗauka Ferdi ne zai ci gaba da tsiya. Ita ce.

"Gobe zan je a ɗauke ni hoton katin shaida. Bas tara da minti goma. Kujerar kusa da ni ba ta kowa ba ce. In za ka zo, ka zo ba shawara."

Na rubuta amsa mai tsawo na goge. Na sake rubutawa na goge. Ƙarshe na tura: "In zo?"

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Har na gama rubuta muku wannan ba ta turo komai ba. Na dai goge rigata na rataye.

To ga yadda cinikin ya tashi. Marlis ta samu sunanta, da kwana ɗaya tsakaninta da wa'adi, kuma ba da taimakon kowa ba. Inna ta hau kekenta, ta kuma koma gida da 'ya. Hubertus ya samu Lahadinsa, ya rasa mai sassaƙa tsuntsu, yanzu yana ta buga waya ƙauyukan maƙwabta ana gaya masa sai dai na kanti. Ni da na shiga tsakani na fito da sarauta da ban taɓa so ba, shekara guda zan yi ina zuwa bukukuwan ƙauyuka tara ni kaɗai da sarƙa a wuya. Matar da take shiga motata ba ta ko duba madubi saboda ta yarda da direba, ita na rasa. Abin da ya rage mini kujerar bas ce guda, ita ma ba a ce tawa ba ce tukuna.